Ranar da Shaibu ya ba rumfar manya baya

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Shaibu. A ukun farko babu wanda ya tuna da ranar sai mu ƴan gida da abokin waƙarsa, Alkasum. Bana kuwa, da yake ana ta maganar zaɓe, an tuna da shi da kujeru da lasifika da jawabai. Ranar Asabar da ta wuce aka yi taron girmama shi a dandalin matasa na unguwarmu a Tawa, dandalin da aka hana shi hawa har ya bar duniya. Wanda ya hana shi ɗin shi ya shirya taron, shi kuma ya yi jawabi mafi tsawo. Ba zan ambaci sunansa ba. Shi ne shugaban dandalin tun wancan lokaci har yau. Ya san kansa, mutanen unguwa ma sun san shi.

Ni ba mai magana cikin taro ba ce. Ko a jami'a sai malami ya kira sunana nake buɗe baki. Amma yawancin yaran da suka cika dandalin ranar Asabar ba su san abin da ya faru ba, sun koma gida da labarin da aka faɗa musu ta lasifika. Ana so a mayar da sunan Shaibu ado a wuyan waɗanda suka rufe masa ƙofa. Shi ya sa na rubuta wannan.

Shaibu tela ne, yana da keke a wata rumfa a bakin kasuwa. Alkasum mutumin Takanamat ne, Tamashek, harshen Abzinawa, ake yi a gidansu, ya zo Tawa yana aikin gyaran famfon rijiyoyi tare da wani mutumin Japon da aka turo ƙasar nan domin wannan aiki. Mutane ba su wahalar da kansu da sunan baƙon ba, Ɗan Japon kawai ake ce masa. Yana da talabijin da bidiyo, da wani kaset guda da yake sawa duk lokacin da kewar gida ta kama shi: wasan wasu mawaƙa biyu na ƙasarsu a gaban dubban mutane. Alkasum ya gani, ya zo ya janye Shaibu daga kan keke ya kai shi ya gani. Daga nan suka dinga komawa har mai gidan ya fara ba su mabuɗi.

Ko kalma ɗaya ba su ji ba a waƙoƙin. Abin da ya kama su daban ne. Mutum biyu ne sanye da kaya iri ɗaya, a tsaye, kowa da gitarsa, wannan ya ɗauko baiti wancan ya ƙarasa. Ba wanda ya taso ya liƙa musu kuɗi a goshi. Ba su tsaya sun kira sunan wani mai arziki ba. Da suka gama sai suka kama hannun juna, suka sunkuya tun daga ƙugu suna fuskantar jama'a, suka daɗe a haka ana tafi. Shaibu ya ce tun da yake bai taɓa ganin mawaƙi ya gode wa wanda bai ba shi komai ba sai kunnensa. Ya ce haka za su yi.

Sau ɗaya na ga kaset ɗin, kuma na lura da abin da su ba su lura da shi ba, ko da yake a lokacin ban san yana da muhimmanci ba. A zauren nan na Japon kowa yana gefe guda. In akwai manya a ciki, suna zaune ne a gaban mawaƙan tare da sauran mutane. Wanda ya sunkuya wa jama'a ya sunkuya wa kowa ke nan. Dandalinmu ba haka yake ba. Rumfar manya tana yamma, ta ba rana baya, domin kada hasken la'asar ya dami idon masu zama a cikinta. Jama'a suna tsayawa a gabas, rana a fuskarsu. Filin wasa yana tsakiya. Mutum ba ya iya fuskantar duka biyun. Tun muna yara kuma mun san wadda ake fuskanta: makaɗi ne, ɗan kokawa ne, ɗan kama ne, in ya shigo sai ya nufi rumfa, ya durƙusa, ya yi jinjina, sannan ya yi wasansa yana kallon ta. Mu na gabas ƙeya muke kallo, kuma ba mu taɓa jin cewa an rage mu da wani abu ba.

Sun fara wasa a lokacin da aka gama Taron Ƙasa, wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, bakin kowa ya buɗe. Tsofaffin manya sun lafa a gidajensu, sababbi ba su riga sun iso ba, saboda haka rumfar ba kowa a cikinta sai yara da awakin unguwa. Shaibu ya ɗinka musu riguna iri ɗaya na shuɗin yadi, suka tsaya a tsakiyar fili suna fuskantar inda mutane suke. Duk Asabar, daga la'asar zuwa gab da magariba. Shaibu ya yi baiti da Hausa, Alkasum ya amsa da Tamashek, wani lokaci su yi musanya don a yi dariyar yadda kowa yake karya harshen ɗan'uwansa. Suna da waƙar matar da mijinta ya tafi Abijan shekara da shekaru, tana ta gyara masa ɗaki duk kaka. Suna da ta malamin lakwal, wato makarantar boko, da watanni suka wuce ba albashi, amma kullum rigarsa a goge. Suna da ta rijiyar da Bahaushe da Ba'abzine suka haƙa tare. Wannan ta ƙarshe sun yi ta ne a shekarun da ake jin labarin harbi daga arewa, ana kallon duk mai rawani da wani ido, kuma na ga dattawa suna share fuska in an zo kanta.

Ranar da suka fara sunkuyon nan, dandalin ya yi tsit, don ba wanda ya gane abin da suke yi. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce da ƙarfi: "Mi ya hwaɗi? Ku taya su biɗa mana." Aka yi ta dariya. Amma kafin wata ya zagayo, mutane sun gane. Ya zama ba mai tafiya sai an yi shi. Masu tallan gyaɗa sukan sauke faranti su yi tafi. A shekarar da aka rufe makarantu muka zauna gida ba karatu, ban tsallake Asabar ko ɗaya ba. Ina tsayawa cikin mata, a baya, kuma daga can ina ganin fuskar yayana sosai. Wannan ƙaramin abu ne ga wanda ya saba zama a inuwa. Ga wanda bai taɓa ganin bakin mawaƙi yana motsi ba sai a lokacin, ba ƙarami ba ne.

Wajen shekara biyu suka yi a haka. Shugaban dandalin yana nan duk tsawon lokacin. Shi yake buɗe ƙofa, shi yake ba su lasifika, kuma da idona na sha ganin sa yana tafi.

Sai aka yi zaɓe. Wani daga cikin waɗanda suka ci ya zo yi wa unguwa godiya, aka shimfiɗa dardumai a rumfa, aka jera kujeru, aka kawo lemu mai sanyi. Makaɗa suka yi ta shigowa suna durƙusawa kamar yadda aka saba. Da aka kira Shaibu da Alkasum, sai suka biyo ta gaban rumfar, suka yi sallama, suka ɗaga hannu, sannan suka juya suka tsaya inda suke tsayawa kowace Asabar. Suka yi waƙoƙinsu, jama'a na amsawa. Da suka gama suka kama hannun juna suka sunkuya kamar kullum, suka daɗe kamar kullum. Abin da babban baƙo ya samu a gabansa, ƴan taku kaɗan daga fuskarsa, shi ne mazaunan mutum biyu cikin shuɗin wando. Wani yaro ya fara dariya, dariyar ta bi layi. Baƙon ya tashi ya shiga motarsa ba a rufe taro ba.

Da Shaibu ya dawo gida, mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta riga ta ji. Ta ce masa:

"Kai kuwa mi ya kai ka? Mutum da girmanai ka nuna mai baya?"

Ya ce: "Wallahi Inna ban tuna da su ba. Ni inda mutane suke nika kallo."

Na yarda da shi a ranar, na yarda da shi yau. Wasu sun ce rashin kunya ce. Wasu daga baya suka ce jarumta ce, wai ya shirya abin ne don ya wulakanta masu mulki. Duka biyun ƙarya ne. Wasu samari biyu ne suka kwaikwayi ladabin wata ƙasa, ba su yi lissafin inda rana take faɗuwa a tamu ba.

Da shugaban dandalin ya fito ya ce sun ci mutuncin baƙo, da na rage jin haushinsa, don aƙalla ya faɗi abin da ke ransa. Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi an kawo masa ƙara: wai suna yi wa mutane ruku'u, kuma suna kallon gabas, saboda haka ba za su sake hawa dandalin ba. Mutumin da ya shekara biyu yana yi wa ruku'un nan tafi, sai ranar da mai mota ya ji haushi ya tuna da alƙibla. Inna ba ta yi wasa da maganar ba, don ta shafi addini. Ta aika aka tambayi limamin unguwa. Ya ce shi bai ga salla a ciki ba, amma su rage sunkuyon don a huta da surutu. Shaibu bai yi musu ba. Ya je ya gaya wa shugaban cewa daga yau kai kawai za su ɗan rusunar. A nan ne ainihin sharaɗin ya fito: su je gidan baƙon su durƙusa su ba da haƙuri, su yi masa waƙa da sunansa a ciki, sannan daga yanzu su riƙa fuskantar rumfa.

A zauren gidanmu suka yi shawarar, ina jin su daga tsakar gida. Alkasum ya ce:

"Mu tahi mu durƙusa, Shaibu. Gwiwata ba ta zinariya ba ce."

"Durƙuso ba komi ba ne, kullum ina yi ma Inna. Waƙar ce ba ni yi. Yau mu sa sunanai, gobe a kada shi, mu sa na wa?"

"Sai mu sa na wanda ya kada shi. Kai da kake tela, ba ka san kwance ɗinki ba?"

Shaibu ya yi dariya har yana tari, amma bai je ba. Ba zan ɓoye ba, yayana yana da taurin kai, kuma taurin kan nan ba shi kaɗai ya biya shi ba. Alkasum yana da mata da jariri a lokacin, aikin Ɗan Japon ya ƙare ya koma ƙasarsu, famfunan suka koma hannun wasu. Yana iya zuwa shi kaɗai ya nemi sulhu. Bai je ba. Ya ce waƙoƙin na mutum biyu ne, rabinsu ba ya cin kasuwa.

Ba dandalinmu kaɗai aka rufe musu ba. Magana ta zagaya. Masu biki suka fara jin tsoron gayyatar su, don ba wanda ya san ranar da zai buƙaci sa hannun wani. Mai hayar lasifika ya ce kayansa sun lalace, washegari muka ji su suna aiki a taron jam'iyya. Ba wata takarda da aka rubuta, ba wanda ya ce ya hana. Kowa dai ya kawar da kai. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai idan na ji ana yabon shekarun nan da cewa lokacin ƴancin faɗin albarkacin baki ne. An ba kowa izinin zagin gwamnati a rediyo, amma tela bai isa ya zaɓi inda zai juya fuskarsa ba.

Sai suka koma bin kasuwannin ƙauye. Ranar kasuwar Takanamat suna can, ranar ta Tebaram suna can, a saman babbar mota tare da buhuna da tumaki, da batirin mota ɗaya da ƙaramar lasifika da Alkasum ya harhaɗa da hannunsa. Da darajar kuɗin sefa ta karye, tsirkiyar gita ta fi ƙarfinsu, Shaibu ya koma warware wayar birkin keke yana ɗaurawa, yatsunsa duk suka tsattsage har riƙe allura ya zame masa wahala. A kasuwa babu rumfar manya. Mutane sukan kewaye su ta ko'ina, in sun gama sai su sunkuya sau huɗu, kowace kusurwa da nata. Abin da ake ba su gero ne, ko cuku, ko ɗan abin da ya samu. Yakan dawo baƙi ƙirin, ya rame, yana ba mu labarin wata tsohuwa da ta sa suka maimaita waƙar Abijan har sau uku, ta ce ɗanta ake nufi.

A Tebaram ciwon ya kama shi, cikin bazarar da sanƙarau ya yi ɓarna. Da hantsi ya ce kansa na sarawa, kafin azahar wuyansa ya ƙage. Ba motar da za ta taso sai kasuwa ta watse. Alkasum ya riƙe shi a ƙirjinsa a bayan motar tun daga can har Tawa, yana kare masa rana da rawaninsa. Kwana biyu ya yi a asibiti.

Ni musulma ce, na san kwanan mutum ba ya wuce inda aka rubuta. Ban ce shugaban dandali ya kashe yayana ba, kuma ba zan ce ba. Ciwon ya ɗauki mutanen da ba su taɓa barin ɗakinsu ba. Abin da nake cewa shi ne, shekarunsa na ƙarshe a saman buhuna ya yi su, alhali filin da ya cika da mutane yana nan kusa da ƙofar gidanmu a kulle. Kuma a kwanakin zaman makoki, mutane sun zo daga Takanamat da Tebaram, wasu ba mu taɓa ganin su ba, sun zauna a tabarma sun yi addu'a. Daga dandali ba wanda ya taka ƙofarmu. Nisan bai kai a ce an hau kabu-kabu ba.

Ina yawan tambayar kaina abin da Shaibu zai ce da ya ga Tawa ta yau. Babban baƙon da aka rufe wa Shaibu ƙofa dominsa ya daɗe da faɗuwa, ba mai gaishe shi a hanya sai tsofaffin direbobinsa. Shugaban dandalin ya canza jam'iyya ya sake canzawa, kujerarsa ba ta motsa ba, yanzu ma shi ne yake neman a zaɓe shi. Ina jin da Shaibu ya yi dariyar nan tasa da allura a baki, ya ce wa Alkasum: ka ga sunan da ka ce mu ɗinka. Ina jin kuma da ya so yaran lise, ƴan sakandaren yanzu, masu manyan wanduna, masu waƙa da sauri kamar ana koran su. Da bai gane rabin abin da suke faɗa ba, amma da ya tsaya ya saurare su har ƙarshe. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai kalli Alkasum, kuma wannan ne ya hana ni barci a makon nan.

Alkasum bai sake waƙa ba tun rasuwar. Ya sayar da gitarsa a shekarar farko. Yana dako a kasuwar dabbobi, yana da ƴaƴa uku. Makonni kaɗan da suka wuce shugaban dandalin ya same shi ya yi masa alkawari: in ya yi waƙa a taron tunawa, za a ba shi kula da kayan sauti na dandali, kuma za a riƙa tafiya da shi yawon neman ƙuri'a. Saura gita, ta Shaibu kuwa tana ɗakin Inna. Sai shugaban ya zo gidanmu, karo na farko a shekara shida, da ƙullin goro da sukari. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce Shaibu ɗansu ne, ba su taɓa mantawa da shi ba, ayyuka ne suka yi yawa. Inna ta bar shi ya gama. Ta ce:

"Gitar nan ba tawa ba ce in hana, ba taka ba ce in ba ka. Alkasum ya zo da kainai."

Ya zo washegari. Ya zauna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko ta ta miƙa masa, ta ce aro ne, ya dawo da ita.

An ajiye wa iyali kujeru biyu a rumfa. Inna ta ce ƙafarta na ciwo. Ni na je, na tsaya a gabas cikin mata. An kafa wani allo a bakin ƙofa da sunan Shaibu a kai, a ƙarƙashinsa sunan shugaban da haruffan da suka fi girma. A jawabinsa ya ce su suka gano Shaibu, su suka raine shi, dandalin nan gidansa ne har ƙarshen rayuwarsa. Ya ce marigayin yaro ne mai ladabi da biyayya ga na gaba. Na tsaya ina jin wannan da kunnena, rana na dukan fuskata.

Sannan aka kira Alkasum. Ya shigo ya nufi rumfa, ya juya mana baya. An haɗa shi da wani saurayi mai zaƙin murya da zai riƙa yin baitocin Shaibu. Yaron bai yi laifi ba, abin da aka koya masa ya yi. Amma a waƙar rijiya, inda Shaibu yake cewa hannu biyu ne suka haƙa, sai aka cusa sunan shugaban, wai shi ya haƙa. A waƙar malamin lakwal ma aka ce shi zai biya albashin. Alkasum yana amsawa da nasa baitocin kamar yadda suke tun asali, muryarsa ƙasa-ƙasa. Da suka gama ya je gaban rumfa ya durƙusa, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Na rumfa suka yi tafi.

A gefenmu tafin bai kama ba. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi jifa. Mata dai suka fara gyara goyo suna juyawa. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, wadda ban sani ba, ta ce wa ƴar'uwarta: "Tashi mu tahi. Mu ƙeya munka zo kallo?"

Da safiyar Lahadi Alkasum ya zo da gitar a naɗe cikin zane. Ashe shugaban ya so a bar ta a rataye a ofishin dandali, Alkasum ya ce aro ce, sai ya mayar. Ya ajiye ta a gaban Inna. Ya ce:

"Inna, na durƙusa."

"Na ji. Mata sun hwaɗa mini tun jiya. Ka karya kumallo?"

Ta sa na kawo masa fura. Sai da ya sha ta tura masa gitar da bayan hannunta, ta ce:

"Ɗauki ka tahi da ita, na ba ka. Shaibu ba shi buƙatar hatsi yanzu, ɗiyanka ka buƙata. Ka yi kiɗinka inda za a ba ka abinci, ka kalli inda anka ce ka kalla. Amma sunanai ka bar mini. Kada a ƙara kiran shi gaban rumfa."

Ya yi kuka kamar yaro. Ni ban yi ba. Raina bai so kyautar nan ba, har yanzu bai gama so ba, don na san a tarukan da za a kaɗa ta. Amma ba ni ce na riƙe Shaibu a bayan mota ba, kuma ba ni nake ciyar da yara uku da dako ba. Haushina ba na Alkasum ba ne. Na waɗanda suka jira har yunwa ta gama aikinta ne, sannan suka zo da goro.

Shaibu bai bar kaset ba, ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba. Bai bar ɗa ba. Waƙoƙinsa ga shi an fara kwance su ana ɗinka wasu sunaye, kuma nan da ƴan shekaru ba mai tuna yadda suke tun farko sai mu kaɗan. In aka auna da abin da ake iya riƙewa a hannu, kusan ba abin da ya rage. Amma kakannin dattijuwar nan sun kalli ƙeyar makaɗa duk rayuwarsu ba su ga aibu ba, ita kuwa ranar Asabar ta ji an raina ta, ta ɗauki mayafinta ta tafi. Akwai irinta da yawa a unguwarmu. Shekara biyu kacal aka yi ana kallon su ido cikin ido, kuma abin bai fita daga jikinsu ba. Wannan ba a rataye shi a ofis, ba a kuma cusa masa sunan kowa.

Ga shugaban dandali, saƙon Inna ne nake isarwa, tunda ita ba ta karanta jarida, kai kuwa kana karantawa. Gitar ta tafi, ku yi yawonku da ita. Kujerarka taka ce, rumfarka taka ce. Allon nan da ke bakin ƙofa, a sauke shi. Ba mu ba da sunan ba.

Allah ya jiƙan Shaibu, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba Alkasum abin da zai ciyar da iyalinsa ba tare da ya sake neman izinin kowa ba.